Kafin a Kai Zane Maɗaba'a

Zariya gari ne mai tsohon tarihi a harkar ɗab'i, domin daga nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, a nan kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Duk da wannan gado, ƙorafin da na fi ji a bakin masu kai aiki maɗaba'o'in Sabon Gari da Samaru shi ne cewa katin ɗaurin aure ko kalanda ko fosta ba ta fito kamar yadda aka gan ta a kwamfuta ba. Sau da yawa akan ɗora wa mai injin laifi, alhali kuwa tun daga teburin mai zane aikin ya samu rauni.

Allon kwamfuta da na waya da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake zubawa a kan takarda: shuɗi mai haske, da ja mai shigen ruwan hoda, da rawaya, da baƙi, wato CMYK. Launukan da haske ke iya bayarwa sun fi waɗanda tawada ke iya bayarwa yawa, shi ya sa shuɗin nan mai ƙyalli da ake so a katin biki yakan fito da duhu ko ya karkata zuwa shunayya, kore mai walƙiya kuma ya dusashe. A ganina, haƙƙin mai zane ne ya juya fayil zuwa CMYK da hannunsa, ko a CorelDRAW ko a Photoshop, ya ga abin da ya sauya, ya gyara, sannan ya nuna wa mai aikin. Idan ya bar wa maɗaba'a, za a juya masa cikin gaggawa, babu wanda zai tsaya duba ko fatar fuskar amarya ta yi ja fiye da kima. Ita ma takardar tana da nata tasiri, domin marar sheƙi ta fi shan tawada, launi ya fi yin duhu a kanta.

Baƙi ma yana da tarko. Ƙananan rubutu ya kamata a yi su da baƙar tawada zalla, kashi 100, ba tare da sauran ukun ba. Baƙin da aka juyo daga RGB yakan zo da tawada huɗu a haɗe, kuma da yake kowace tawada da farantinta a cikin injin, da zarar faranti ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, sai haruffa su fito da inuwa mai launi a gefensu, karatu ya yi wuya.

Batun hoto shi ya fi damuna, saboda shi ne ba ya gyaruwa. Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, ma'ana hoton da zai cika takardar A4 sai ya kai ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Hoton da tsawonsa ɗigo 1600 ne kawai, iyakar girman da zai fito tas bai wuce santimita 13 da rabi ba. To amma mafi yawan hotunan da ake kawowa sun bi ta WhatsApp ko an sauko da su daga Facebook, kuma dukkansu suna matse hoto domin rage masa nauyi. A waya ba a ganin illar. A takarda kuwa fuskar dattijon da aka yi kalandar dominsa sai ta fito a dagule. Sauya lambar zuwa 300 a cikin manhaja ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Mafita ita ce a nemo hoton asali daga mai ɗaukar hoto, a turo shi a matsayin fayil ko a kawo shi a filashi. Babbar bana ta talla da za a kalla daga tsallaken titi ba ta bukatar wannan tsanani, ɗigo 100 ma ya wadatar da ita.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman, wato haruffa masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, kuma idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon da aka yi amfani da shi, za ta musanya shi da wani, sunan Ɗanjuma ya fito da ɗan akwati a farkonsa. Don haka a mayar da rubutu zane kafin a rufe fayil, ko a fitar da PDF da salon rubutun a cikinsa. A kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe, wato zanen ya zarce inda za a yanke takardar, domin wuƙar yanka.

Daga nan sai a nemi gwajin kwafi ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, mai aikin ya duba shi a hasken rana, ya karanta sunaye da ranaku, ya sa hannu, sannan a tayar da injin.