Tsutsar da ta tsaya mini a rai

Jiya a Jami'ar Danfodiyo malaminmu ya nuna mana bidiyon wata 'yar tsutsa, C. elegans. Tsawonta milimita 1 kacal, jikinta garai-garai, har hanjinta kana gani. Bakteriya take ci, amma da ta haɗiyi mai cutarwa irin Pseudomonas, sai wani furotin mai suna PMK-1 ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke hanjin, su shiga haɗa sinadaran yaƙar cutar. Ko jini fa tsutsar ba ta da shi! Daga baya ma takan gane warin bakteriyar mai cutarwa, ta riƙa kauce masa. Malam ya ce ɗan'uwan furotin ɗin yana jikinmu mu ma.

Har kabu-kabu ya sauke ni Mabera, rana na dukana, ban daina faɗin Subhanallah ba.