Da Bakina Aka Riƙa Yi Musu Tambayar

Na yi shekaru ina aikin tafinta tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu. A faɗe aikin ba shi da wuya: abin da aka ce ka mayar, kada ka ƙara, kada ka rage. Amma a shari'ar fyaɗe akwai nauyin da ba a gaya maka ranar rantsuwa. Lauya ne mai tambaya, sai dai muryarka yarinyar take ji, fuskarka take kallo. Ni ne na riƙa ce wa mata, da harshen da suka tashi da shi, "Me ya sa ba ki yi ihu ba?" Ni ne na riƙa cewa, "Me ya kai ki ɗakinsa?" Na daɗe ina ɗaukar waɗannan tambayoyi kamar kowace tambaya, har zuwa lokacin da wata kalma guda da na zubar ta dawo ta same ni.

Budurwa ce, yayar mahaifiyarta ta kawo ta. A bakin kantar ofishin 'yan sanda aka tsayar da ita, ga masu ƙarar sata, ga mai neman belin ɗan'uwansa, kowa ya kasa kunne. Bayaninta ya fito a warwatse. Ta fara da warin jikin mutumin, ta koma kan ƙarar rediyon maƙwabta, ta ambaci launin labule, sannan ta yi shiru. Mai ɗaukar bayanin ya ƙosa, ya ce mini, "Malam, tambaye ta ƙarfe nawa." Ta ce ba ta sani ba. Ya sake, ya kuma sake. Can ta ce, "Wataƙila wajen ƙarfe huɗu." Ni kuwa da na zo mayarwa sai na ce ƙarfe huɗu. Na kuma jera masa labarin daga farko zuwa ƙarshe, ina ganin taimakonta nake yi, don kada a ce ba ta san abin da take faɗa ba.

Bayan kusan shekara muka haɗu a kotu. Lauyan wanda ake tuhuma ya kawo shaidar cewa da ƙarfe huɗu na ranar mutumin yana wurin aikinsa. Ya ɗaga takardar bayaninta sama ya ce, ga sa hannunta, ita ta faɗa. Ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba. Na nemi izini na shaida wa alƙali cewa da wataƙila ta faɗa, amma abin da ke rubuce shi ke rubuce, kuma daga nan duk maganarta ta rage nauyi. An sallami mutumin. Ba zan rantse cewa kalmar nan kaɗai ce ta kayar da shari'ar ba, domin binciken ma ba a yi shi da kyau ba. Amma na san rabona a ciki.

Sai daga baya, a wani horo da aka haɗa mu da masu bincike, na fahimci cewa bayani a warwatse ba alamar ƙarya ba ne. Idan tsoro ya kai maƙura, hankali yana manne wa 'yan abubuwa ƙalilan, wari ko murya ko abin da ido ya kafe a kai, ya saki sauran. Lokaci da jerin abin da ya biyo bayan wani su ne farkon abin da ke suɓucewa. Shi ya sa masu binciken da suka san aiki ba sa buɗewa da "ƙarfe nawa" ko "sai me ya biyo baya". Cewa suke yi, "Faɗa mini abin da kike iya tunawa, ta inda kika ga dama." Suna ɗaukar abin da ya zama dole a ranar farko, su bar doguwar hira sai ta samu barci. Suna kuma gaya mata tun farko cewa "ban sani ba" amsa ce karɓaɓɓiya. Da an faɗa wa yarinyar nan wannan jimla ɗaya, da ba ta kai ga yin cinke ba.

Haka ma batun ihu. A 2017 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a kan mata 298 da suka je asibiti bayan an yi musu fyaɗe. Kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya sandare, ba motsi, ba magana. Sandarewar nan ba zaɓi ba ce, jiki ne ke yin ta da kansa idan ya ga ba mafita. Ranar da na ji wannan na tuna fuskoki da yawa da na yi wa tambayar ihu suka sunkuyar da kai. Su ma ba su san dalilin da ya hana su ihun ba, mu kuma muka mayar da rashin saninsu hujja a kansu.

Kuma ba matsalar wata ƙasa ɗaya ba ce. A 2008, a garin Lynnwood na jihar Washington ta Amurka, wata 'yar shekara 18 ta kai ƙarar cewa wani ya shiga ɗakinta ya yi mata fyaɗe. Masu bincike suka ga 'yan saɓani a bayaninta, suka matsa mata har ta ce ƙarya ta yi, aka tuhume ta da kai ƙarar ƙarya. A 2011 'yan sandan jihar Colorado suka kama wani mutum, aka samu hotunanta a cikin kayansa. Tsakanin waɗannan shekaru ya riga ya afka wa wasu matan. Duk ɗan sandan da ke ganin rashin yarda da mai ƙara wayo ne, ya kamata ya san wannan labari.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'ata kai tsaye, wato kalmomi. Mata da yawa ba za su iya furta sunan abin ba, balle a gaban maza baƙi. Za ta ce "ya ɓata ni", ko "ya yi mini abin". Idan mai rubutu ya sa "sun yi lalata", ya riga ya raba laifin biyu tun kafin alƙali ya zauna, domin lalata abu ne da ake yi tare. Ko "ya yi lalata da ita" da muke gani a labarai kullum yana rufe ƙarfin da aka yi amfani da shi. Na koyi mayar da maganarta yadda ta faɗe ta, in bar mai bincike ya tambaye ta a hankali me take nufi. Kotu tana buƙatar bayani dalla-dalla, gaskiya ne, amma ana iya kai wa gare shi ba tare da an tozarta mutum ba.

Na taɓa zama na ƙirga sau nawa mace ɗaya ta ba da labarinta a gabana: a kantar ofishi, a wurin mai bincike, a wurin shugabansa, a asibiti, a wurin mai gabatar da ƙara, sannan a kotu, inda aka canza alƙali aka sake daga farko. Kowace maimaitawa fami ce, kuma kowace tana haifar da ɗan bambancin da lauya zai kama. Wannan ne ya sa tsarin tara komai wuri guda ya burge ni. Afirka ta Kudu ta fara cibiyoyin Thuthuzela a 2000, inda likita da mai ba da shawara da ɗan sanda suke samun mai ƙara a cikin asibiti, kuma akwai mai bibiyar fayil ɗinta har kotu. Ayislan ta buɗe Barnahus a 1998 don yara: a yi hira da yaro a ɗakin da ba ya tsorata shi, a naɗa, kotu ta yi amfani da naɗin. Barazil kuwa tun 1985 ta buɗe ofishin 'yan sanda na mata a Sao Paulo. Ba kowane wuri ke da kuɗin gina cibiya ba, amma ɗaki mai ƙofa da kujera biyu bai fi ƙarfin kowane ofishi ba.

Abin da na fi so kowane ɗan sanda ya haddace shi ne sa'o'i. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin sa'o'i 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa sa'o'i 120, kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon amfaninsa. Duk wanda ya ce mata "ki dawo ranar Litinin", ko ya riƙe ta a benci ana jiran takarda, yana iya jawo mata cutar da hukuncin kotu ba zai warkar ba. Asibiti ne farko. Shi kuwa gwajin da ake kira na budurci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba shi da tushe a kimiyya, Kotun Ƙolin Indiya ta yi tir da shi a 2013, ta sake hana shi a 2022. Ba ya nuna an yi fyaɗe ko ba a yi ba, wulaƙanci kawai yake ƙarawa.

A kotu, yawancin ƙararrakin da na ga sun mutu, a baranda suka mutu. A ɗage zama sau biyar, sau shida, kowane zuwa ta zauna kusa da dangin wanda take ƙara, wannan ya harare ta, wancan ya ja mahaifinta gefe da maganar sulhu da rufin asiri. Wata rana a kira suna ba ta zo ba, sai ka ji wani ya ce, "Ai dama ruwa ba ya tsami banza." Raba wurin jira, da sanar da ita ranar zama kan lokaci, da hana ɗagewa ba dalili, duk suna hannun alƙali da magatakarda. Batun tono tarihin mu'amalar mace da maza ma an daɗe da samo masa magani. Jihar Michigan ta Amurka ta yi dokar taƙaita shi a 1974, Ingila ta sa shi a sashe na 41 na dokarta ta 1999, wadda kuma ta ba da damar yin shaida a bayan labule ko ta bidiyo. Ƙa'ida ta 70 ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ce shiru ko rashin kokawa ba ya nufin yarda.

Nakan ji ana cewa irin wannan gyara zai zalunci wanda ake tuhuma. Ban raina wannan damuwa ba, domin na tsaya kusa da maza a akwatin tuhuma, na kuma san haƙƙinsu ne a gwada shaidar da aka bayar a kansu. Amma sauraro da kyau ba yanke hukunci ba ne. Bayanin da aka ɗauka daidai, da kayan shaidar da aka adana aka gwada, su ne ke wanke marar laifi. A 2009 an gano kayan gwajin fyaɗe sama da 11,000 jibge a wani ɗakin ajiya na 'yan sandan birnin Detroit na Amurka ba a gwada su ba. Mai gabatar da ƙara Kym Worthy ta dage sai an gwada, aka gano ɗaruruwan mutanen da suka maimaita laifin a kan mata daban-daban. Kowane kwali a ɗakin nan mace ce da ta daure wa gwajin likita tana zaton za a bi mata haƙƙinta.

Na yi aiki da wata alƙaliya da ba ta jira sabuwar doka ba. Kafin a kira mai ƙara takan sa a fitar da duk wanda ba shi da hannu a shari'ar, ta sa a kawo kujera da ruwa. Wata rana lauya ya tambayi wata yarinya da wane hannu mutumin ya rufe mata baki. Na mayar. Yarinyar ta yi shiru mai tsawo, lauya ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, a rubuta ta kasa amsawa." Alƙaliyar ta ce ya zauna, ta dubi yarinyar ta ce, "'Yata, babu mai gaggauta ki. In ba ki tuna ba, ki ce ba ki tuna ba." Muka jira. Can yarinyar ta ce, "Ban tuna hannun ba. Amma akwai zobe, ya yanke ni a leɓe." Na mayar da maganar kalma bayan kalma, mai gabatar da ƙara ya buɗe takardar likita, ga yankan a rubuce a shafi na biyu.