Kakata 'yar bori ce kafin ta tuba

Wata ƙanwata da ke karatu a Ingila ta turo min bidiyo a WhatsApp. Turawa ne, yawancinsu mata, kwance reras a ƙasa, an ɗaure musu ido da ƙyalle, wani mutum yana zagaya su yana kaɗa ganga. Ta ce kuɗi suke biya, ba na wasa ba, wai don ransu ya fita ya gana da iskokin da za su taimake su. Sai ta tambaye ni: "Yaya, wannan ba bori ba ne?"

Ba bori ba ne, ko da yake akwai dangantaka ta nesa. Wannan na Turawa wani Ba'amurke masanin al'adu, Michael Harner, ya harhaɗa shi daga abin da ya gani wurin mutanen dajin Amazon da abin da ya karanta kan bokayen Saiberiya da wasu wurare, ya fitar da littafi a 1980, almajirai suka yi ta tururuwa. A can bokan ne ke barin jikinsa ya je wurin iskoki ya dawo da labari. A namu mutum ba ya zuwa ko'ina. Iskar ce ke zuwa ta hau shi, namiji ya zama dokinta, mace ta zama goɗiya, idan ta gama ta sauka da atishawa, wanda aka hau kuma sai an ba shi labarin abin da ya aikata.

Na san wannan ne saboda kakata ta wajen uwa an yi mata girka, wato jinyar da ake shigar da mutum bori da ita, tana matashiya. A gidanmu na Katsina ba a ɗauko zancen. Ni dai na tashi na gan ta Hajiya, da haƙorin Makka, carbi ba ya barin hannunta, kuma ita ke fara tashi asuba ta bubbuga ƙofofi. Daga ƙasar Maradi aka auro ta aure na biyu. Sai da na shiga makarantar ungozoma, ita kuma gwiwa ta matsa mata ina zuwa ina gasa mata da ruwan ɗumi, sannan ta fara sakin maganar kaɗan-kaɗan, ko da yaushe bayan ta leƙa ta tabbatar Mama ba ta kusa.

A gidanta na farko ta haifi ɗa namiji, ya koma kafin suna. Aka yi mata gaisuwa, aka ce ta yi haƙuri, Allah zai kawo mai amfani, kowa ya koma sabgarsa. Ita kuwa sai ta daina cin abinci. Ta zauna bakin murhu tuwo yana ƙonewa tana kallo. Hannun hagu ya yi nauyi har ba ta iya ɗaga taɓarya. Maigida ya kai ta wurin malamai, ta sha rubutu har ta gaji, ba canji. Daga nan tsofaffi suka ce Doguwa ce ta taɓa ta, ita ce mai shanye wa mutum hannu ko ƙafa, gwaggonta ta zo ta ɗauke ta zuwa gidan wata uwar girka.

Kwana bakwai ta yi a ɗaki. Safe da yamma a yi mata wanka da ruwan saiwoyi, a ba ta jiƙo ta sha, a turara ta. Ba daka, ba ɗebo ruwa, ba kallon kishiya. Fura da kunu da nama a kan kari, kuma ba a taɓa barin ta ita kaɗai ba, dare ko rana. Da yamma mai goge ya zo, mata su kifa ƙwarya suna bugawa, ana kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya da takensu da kirarinsu. Daren ƙarshe aka kwana zaune, aka yanka akuya, kuma a daren ne, in ji su, Doguwa ta hau ta ta faɗi abin da take so.

Na matsa mata da tambaya a kan hawan: me ta ji, me ta gani? Ta ce ba ta tuna komai, kuma ba ta son tunawa, ta yi a'uziya. Amma akwai abin da take tunawa sarai. "Ke kishiya," ta ce, "rana ta biyu wata tsohuwa ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe min kai. Tun da yaron nan ya rasu ba wanda ya taɓa kaina. Gashi ya cukuikuye, tana tsifa da tsinke a hankali tana shafa man shanu, ba ta ce min uffan ba. Ni kuwa sai kuka. Tun daga hantsi har azahar ina yi, ba ta ce in yi shiru ba." Ta ce ranar ta fara cin abinci da kanta.

Wasan bori kansa, wanda ta riƙa zuwa bayan an girka ta, ta ba ni labarinsa tana dariya tana istigfari. Malam Alhaji tsoho ne, ya zo a duƙe yana tari yana jan carbi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne, ɗan caca, mai son turare da babbar riga, duk abin da aka ba shi nan take ya rabar. Kuturu ya dunƙule yatsu yana jan gindi yana korar ƙuda. Sarkin Rafi kuwa idan ya hau sai a ja da baya, don tsalle yake ya faɗo daɓas a kan mazaunai, a ce ya yi jifa. Dukkansu wai a birnin Jangare suke, da sarkinsu da zaurukansu da aure da gaba tsakaninsu. Ni abin da na lura, duk wanda ke ba mutane tsoro ko ke burge su a gari, za ka same shi a Jangare. Shi ya sa da Faransa ta kafa mulki a Nijar sai ga sababbin iskoki sanye da kakin soja suna fareti suna tsawa. A 1925 suka ɓulla a yankin Filinge, hukuma ta kama masu su ta ɗaure, amma suka bi 'yan cirani har Ankara ta ƙasar Gana, inda wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki fim ɗinsu da ya fito a 1955. Zabarmawa na ce musu Hauka, mutanen su Kaka na ce musu Babule. Can arewa ma, a Tunis, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su suna da wasansu na stambeli mai iskoki masu sunayen Hausa, a Sudan kuma akwai zar bori. Abin ya yi tafiya mai nisa.

Kada wani ya ɗauka talla nake yi. Yanka don wanin Allah shirka ne, kuma Kaka da bakinta ta faɗa. Ta kuma faɗi abin da masu sha'awar al'ada ba su cika ambata ba: girka ba ta ƙarewa. Kowace shekara iska na neman akuyarta mai launi kaza, zanenta, turarenta, ga kuɗin maroƙa. Awakinta sun ƙare a haka. Ta ce ranar da ta kwashe kayan tsere, wato kayan da ake ajiye wa iskokin, ta ba wani malami ya ƙone, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ban taɓa jin ta yi kewar iskokin ba. Matan da suka zauna da ita kuwa tana lissafa sunayensu cikin addu'a har ta rasu.

A nan nake ganin Nana Asma'u ta fi mu hangen nesa. Kafin jihadin 1804, bori ba abin lungu ba ne, yana cikin fada. A Gobir, Inna 'yar sarauta ce ke shugabantar masu bori, kuma sarautar tana nan a Tsibiri, kamar yadda Iya take a Maradi. 'Yar Shehu ta san matan ƙauye da bayin da aka kamo a yaƙi can suke kai kukansu. Ba ta tsaya ga hani kaɗai ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata, ta ba kowace malfa da jan rawani, su riƙa jagorantar ayarin 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin addini da Hausa da Fulatanci su koma su koya wa wasu. Ta kuma hore su da duba marar lafiya, taimakon mai haihuwa, wankan gawa. Wato dai fita, taro, waƙa, shugaba mace, da wadda za ta riƙe ki ranar da kika faɗi: duk abin da ke jan mace zuwa dandalin bori ta ajiye mata shi a wani wuri mai tsarki. Ta rasu a 1864, amma 'yan taru sun ci gaba bayanta.

Mu kuwa mun iya rushewa. Wa'azin Izala tun daga 1978, sannan dawowar shari'a da Hisba bayan 2000, sun kori bori daga fili a yawancin garuruwanmu, kuma ban yi baƙin ciki ba. Sai dai matar da ke zaune bakin murhu tana kallon tuwo yana ƙonewa ba ta tafi ko'ina ba. Ina ganin ta a ɗakin awo da ranar rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci ciwon damuwa. Ba ta cewa "ina cikin damuwa". Cewa take kanta na yi mata zafi, wani abu na yawo a jikinta, ƙirjinta ya toshe, nono ya ƙi zuwa. A da ko ba girka akwai goyon ciki, ta koma gaban uwarta ta huta har ta yi arba'in. Yanzu a birni, a gidan haya, kwana uku da haihuwa tana wanke-wanke. Ba ina yabon duk abin da ake yi wa mai jego ba ne: tafasasshen ruwan wanka da kunun kanwa mai yawa, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa, kuma na sha faɗa da tsofaffi a kan haka. Hutun da kulawar nake magana.

To ina ake kai ta? Wurin mai ruƙiya. Ruƙiya sunna ce, ni ma ina tofa wa 'ya'yana Falaƙi da Nasi kowane dare. Amma na ga wadda aka kawo mana da shatar bulala a baya, wai aljani ake duka ba ita ba. An yi ta yi mata ihu a kunne ana cewa ya faɗi sunansa ya fita, alhali ita ko nata sunan ba wanda ya kira da taushi. Waɗanda abin ya tsananta kuma a kai su gidan mari. Kowa ya ga hotunan ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka kwance daga sarƙa a Kaduna a 2019. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta tsefe kai.

Ga abin da zancen Kaka ya canza a rayuwata, kuma ba wani babban abu ba ne. Na daina saurin cewa "ki yi haƙuri". Maganar gaskiya ce, amma sau da yawa mukan jefa ta ne don mu rufe bakin mai kuka mu tafi. Yanzu idan na ga idon mai jego ya faɗa, sai in sallami layi in dawo kanta, in ja kujera, in karɓi jaririn in riƙe. Ba na tambaya da yawa. Shirun yana da wuya, wallahi, harshena har ƙaiƙayi yake da nasiha, kuma zaman da nake yi bayan sallar asuba ina azkar, waya tana can ɗaki a kashe, shi ya koya min jure shi. Wadda na ga tana maganar mutuwa, ko ba ta barci sam, ko tana jin muryoyi, ba na wasa: takarda nake rubutawa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, in kira mijin in yi masa bayani ido da ido, in ce a haɗa addu'a da magani.

Sannan ranar Alhamis bayan la'asar muna haɗuwa a islamiyyar unguwarmu, ni da Malama da wasu dattawa uku da kowa ke jin nauyinsu. Masu jego da waɗanda suka yi ɓari ko rashi muke gayyata. Ana dama kunun gyaɗa, ɗaya daga cikin dattawan makitsiya ce tana zuwa da kibiyarta da mai, yara suna hannun 'yanmata a tsakar gida. Mun yi gardama da Malama a kan waƙa: na so a riƙa rera waƙoƙin wa'azi ana tafi, ta ce rerawa dai, tafi a'a, kuma ta yi nasara.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne izinin mazaje. Wani sai liman ya sa baki. Kwanan baya wani magidanci ya tako har ƙofar makaranta ya yi sallama, ya ce yana so ya ji me ake koya wa iyalinsa a nan da take dawowa da sabon kitso. Malama ta gyara mayafi ta ce, "Karatu muke yi, Alhaji." Kuma ba ta yi ƙarya ba, muna yin hadisi ɗaya kafin a sauke kunu.