Masaukin da muka ɓamɓare wa siminti a Tudun Wada

Sana'ata gini ce, a nan Zariya. Mu tara ne a ɗan kamfaninmu, birkiloli da kafinta da leburori, kuma yawancin abincinmu daga bulo da siminti yake fitowa, shaguna da ɗakunan hayar ɗalibai a Samaru. Idan aiki ya kai ga ginin ƙasa, sai mu je cikin birni mu ɗauko Baba, wani tsohon magini ɗan unguwar Babban Gwani.

Shekara biyu da suka wuce, da kaka, wata Hajiya ta kira mu mu duba masaukin baƙin da ta gada daga kakanta a Tudun Wada. Ɗakuna goma sha ɗaya ne da babban zaure. An gina shi zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. Tun da dogo ya iso Zariya a 1911, ga kuma ƙaramin jirgin da ke zuwa Jos har aka daina shi a 1957, garin ya cika da masu sayen auduga da gyaɗa, kuma baƙon da ba shi da gidan sauka a cikin ganuwa nan waje yake neman makwanci. 'Ya'yan Hajiya sun matsa a rushe gidan a zuba shaguna. Ta dube ni ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, gidan nan zai tashi, ko in haƙura?"

Ban ba ta amsa ba sai da Baba ya zagaya. Ya riƙa ƙwanƙwasa bango da sandarsa, yana kasa kunne. Wani wurin ya amsa dim, wani wurin kamar ganga. Da muka sa diga muka ɓamɓaro simintin da aka shafe bangon gabas da shi tun shekaru masu yawa, sai ƙasar ciki ta zubo a jiƙe, tana warin ruɓewa, alhali an yi wata biyu rabon da a ga ruwan sama. Abin da nake ta faɗa wa masu tsofaffin gidaje ke nan, ba sa ji. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Idan ka lulluɓe shi da siminti, simintin zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye. Mai gida yana ganin fenti fes, yana ta murna.

Baba ya ce, "Hajiya, tubalin ciki lafiya lau yake in ban da wannan kusurwar. Masu ginin nan sun ji tsoron Allah."

Rufin zauren shi ya fi cinye mana lokaci. Bakan gizo ne, irin wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya ɗaga a Masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sai dai namu ƙarami ne. Azara ba ta jure dogon zango ita kaɗai, shi ya sa ake fito da ita daga bango gaɓa-gaɓa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ƙafa ɗaya ta bakan ta ruɓe daidai inda indararo ya karye. A nan na yi asara. Na yi gaggawa na biya wani dillali kuɗin azara ban je na gani da idona ba, ya turo mota cike da ɗanyar giginya mai laushi. Baba ya soka farce a ɗaya, ya girgiza kai, bai ce komai ba. Ƙosasshen namijin giginya ake nema, mai duhu da nauyi, wanda gara ba ta iya masa. Daga aljihuna na sake saye.

Yaɓen waje da makuba muka yi shi. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a kwaɓa ƙasa da shi. Katsi kuwa, wato guggubin ramin rini da ake haɗa laso da shi, shafen da ke hana ruwa ratsa soro, sai da muka yi ta cigiya, don marinar da ke fitar da shi ta yi ƙaranci.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa komai. Baƙon yau yana son banɗaki a ɗaki da wurin cajin waya. Mun gina banɗakunan da bulo a bayan ɗakunan, muka bar tazara tsakaninsu da bangon ƙasa don kada bututu ya yi yoyo cikinsa, muka sa sola a kan rumfar tsakar gida maimakon kan soro.

Muna kankare bangon zaure ne wani lebura ya faɗa kan alkuki da aka toshe. A ciki akwai littafin baƙi, an naɗe shi da shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa nan Zariya a 1939. Sunaye ne da garuruwa, wasu da ajami wasu da boko: Gusau, Funtuwa, Ƙauran Namoda, Jos, da kuɗin kwana a sule da kwabo. Hajiya ta zauna kan tulin ƙasa tana bin rubutun kakanta da yatsa, mu kuma muka ajiye kayan aiki. Yanzu littafin yana cikin akwatin gilashi a zauren, kuma ta ce masu zuwa bikin yaye ɗaliban jami'a sukan daɗe a tsaye a gabansa.

Gidan ya ga damina ɗaya, ko ɗigo bai yi ba. Na sa Hajiya ta yarda a rubuce cewa duk shekara kafin ruwa ya sauka za mu zo mu duba yaɓe da indararo. Baba ya tsufa, ba ya hawa soro kuma, don haka na cire yaro ɗaya daga aikin bulo na haɗa shi da shi, ni nake biyan albashinsa. Ranar Asabar za su koma masaukin, zanko ɗaya na kusurwar arewa ya fara tsagewa.