Ramin WireGuard ya tsayu, ashe MTU ce ta hana ni barci

'Yan'uwa, alhamdu lillahi, yau na rufe wa na waje ƙofa ta 22 gaba ɗaya a sabata, wato kwamfutar da na yi haya a intanet; ƙofar SSH ke nan, da ake bi a sarrafa sabar daga nesa. Shafin gudanarwa da SSH yanzu ba sa amsawa sai a 10.8.0.1, adireshin cikin ramin WireGuard, wato ɓoyayyiyar hanyar da ta haɗa kwamfutata da sabar. Daga waje ba abin da ke buɗe sai 80 da 443, sai UDP 51820 na WireGuard, shi kuwa ko an ƙwanƙwasa ba ya tankawa idan ba ka da makulli. Tarin baƙin da ke cika mini auth.log, fayil ɗin da ke rubuta masu neman shiga, suna gwada root, asusun babban mai gudanarwa, sun yi ɗif.

Haɗa makullai da wg0.conf, fayil ɗin saitin ramin, bai ɗauki lokaci ba. Wahalar ta fara ne da na bar wayar intanet ta wurin aiki na koma hotspot ɗin wayata. Na buga wg show, ga latest handshake, wato gaisuwar ƙarshe tsakanin kwamfutata da sabar, sabo fil. Ping, ɗan saƙon gwaji, zuwa 10.8.0.1 yana dawowa lafiya lau. Amma SSH sai ya tsaya cak, babu kuskure, babu komai. Shafin gudanarwa kuma ya yi ta juyi har burauza ta gaji. Da na ƙara -vvv sai na ga inda yake maƙalewa: expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY, wato yana jiran amsar sabar a musayar makulli. Na zargi ufw, katangar tsaron Ubuntu, na kashe shi, shiru. Na bi AllowedIPs, jerin adireshin da ramin ke yarda da su, harafi-harafi, na sauya makullai, har na goge sabar na sake ɗora Ubuntu. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin data ɗin da na saya na wata ya ƙare a sabunta manhajoji da sauke bayanan da na ajiye, ga kuɗin hayar sabar da nake biya da dala yana tafiya a banza.

Abin da ya warware shi tambaya ce guda: me ya sa ƙananan saƙonni ke wucewa, manya ba sa wucewa? Gaisuwar WireGuard ƙarama ce, ping ma haka. Musayar makullin SSH kuwa ta yi ƙiba tun daga OpenSSH 9.0 na 2022, da aka mayar da tsarin musaya na sntrup761 zaɓin farko, takardar shaidar TLS da shafi ke aika wa burauza ita ma ba ƙarama ba ce. Sai na kashe ramin, na auna hanyar kai tsaye zuwa adireshin sabar na waje da ping -M do -s 1472, saƙon da aka hana a datsa shi a hanya, wato byte 1500 cif idan an haɗa da 28 na kai. Bai wuce ba. Na yi ta ragewa har 1372 ya wuce, ma'ana hanyar layina 1400 kawai take ɗauka.

Ga inda matsalar take. wg-quick, manhajar da ke tayar da ramin, yana duba MTU na katin da kake fita da shi, wato iyakar girman fakitin saƙo da zai iya wucewa a lokaci guda, ya cire 80. Kwamfutata Wi-Fi take gani mai 1500, don haka ta sa wa ramin 1420, ba ta san ƙofar da ke gaba ta fi haka ƙunci ba. Fakiti mai 1420 idan aka naɗe shi, a IPv4 ana ƙara masa 60: 20 na IP, 8 na UDP, 32 na WireGuard. Ya zama 1480 ke nan zai bi hanyar 1400, kamar akori-kura da aka lafta wa kaya ta nufi lungu. A hanya sai a datsa shi biyu, na'urorin da ke tsakani kuma su zubar da gutsuren ba tare da sun gaya wa kowa ba. Layi ɗaya na rubuta a ƙarƙashin Interface a wg0.conf, MTU = 1340, wato 1400 a cire 60, na tayar da ramin. SSH ya buɗe nan take. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

A kwamfutata kaɗai na fara sawa kuma ya yi aiki, saboda TCP yana sanar da ɗaya ɓangaren girman da zai iya karɓa tun a farkon haɗuwa. Duk da haka na sa a sabar ma. Idan ba ka son aune-aune, sa 1280, shi ne mafi ƙanƙantar da IPv6 ya yarda da shi, gudun zai ɗan ragu kaɗan. Ni dai na fi son in auna, in san dalilin lambar da na rubuta.

Na ƙara PersistentKeepalive = 25, wato a riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25, domin layin waya yana bayan CGNAT, inda kamfanin waya ke haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, idan ramin ya yi shiru sai a manta da shi. Kafin ka rufe 22 kuma, tabbatar allon gaggawa na kamfanin da ka hayi sabar yana aiki, kuma ka yi systemctl enable wg-quick@wg0 don ramin ya riƙa tashi da kansa, in ba haka ba ranar da sabar ta sake tashi a waje za ka kwana.

Saura wayar kanta, da kwamfutar abokin aikina, kowa da makullinsa. Masu amfani da wasu layukan, musamman na Nijar, don Allah ku gwada wannan ping ɗin ku faɗa mini lambar da ta wuce muku, ina so in san ko 1340 zai ishe ni idan na yi tafiya.