Asalin gidanmu a Wurno

Tun muna yara ake ce mana kakan kakanmu yana cikin mutanen farko da suka zauna Wurno, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garin a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, yana tare hanyar mayaƙan Gobir. Da hutun nan na ce bari in bi sawun maganar.

Takarda babu. Sai Goggo, ƙanwar kakana, wadda ta kusa casa'in. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, sai yanzu ka tuna kana da asali?" Ta jero sunayen kakanninmu bakwai a jere kamar mai karatun allo, ba ta yi tuntuɓe ba. Na bakwai ɗin maƙeri ne. Ni da nake zaton zan ji jarumi mai doki da sulke!

Amma da na zauna na yi tunani, ai ribaɗi ba ya tsayuwa da mayaƙa kaɗai. Bello ya zaunar da mutane a bakin iyaka, su yi noma da damina, su yi tsaro da rani. Wa zai ƙera fartanya da kan mashi? A Wurno ɗin ma Bello ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

Uwar maƙerar tana nan a zauren Baffa, an jingina ƙofa da ita. Na ɗauki muryar Goggo a waya. Wanda yake da tsohuwa a gida ya hanzarta, Allah ya ƙara musu lafiya.