Dutsen Etinde daga bakin tekun Limbe

Duk wanda harka ta kai shi Duwala ta ƙasar Kamaru don Allah ya ware ko kwana biyu ne ya leƙa Limbe, ba nisa, wajen kilomita 70 ne, ta Tiko da Mutengene ake bi cikin gonakin roba da na kwakwar manja. Ni saro kaya ya kai ni, wani abokina ɗan Garwa da ke zaune can ya matsa sai na je na kwana wajensa.

Kowa maganar babban Dutsen Kamaru yake, mai tsayin sama da mita 4,000, amma ni wallahi ƙaraminsa ne ya shiga raina, wanda suke ce wa Etinde, mita 1,713 ne kacal. Shi babban faɗi gare shi, daga ƙasa ma ba ka gane ina ƙarshensa, shi kuwa Etinde tsini ne da shi, daji kore shar ya lulluɓe shi har ƙoli, ga shi tsaye daf da ruwa kamar daga cikin tekun ya tsiro.

Abu na farko da na koya shi ne dutsen nan ba ko yaushe yake bari a gan shi ba. Ranar da na iso da la'asar gajimare ya rufe komai, abokina ya ce malam kwantar da hankalinka sai gobe da asuba. Muna idar da salla muka gangara Down Beach, wato bakin tekun garin, masunta na ta turo kwale-kwale suna zazzage kifi, mata na jira da robobi, rairayin baƙi ƙirin saboda toka da duwatsun aman wuta ne, na ɗiba a hannu yana ƙyalli yana manne wa yatsu, ina ɗago kai sai ga Etinde fes babu abin da ya tare shi, rana ta bugi samansa ƙasan kuma da sauran duhu, na ce Allahu Akbar na kasa motsi. Kafin hantsi gajimare ya sake naɗe shi.

Lokacin zuwa ma sai an lura. Yankin nan ruwa gare shi ba na wasa ba, ƙauyen Debundscha da ke gaba kaɗan yana samun kusan milimita 10,000 a shekara, tsakiyar damina ba abin da za ka gani. Da hunturu kuma hazo na sauko musu har can. Ni ƙarshen damina na je, an yi ruwa da dare ya wanke sararin sama, har tsibirin Bioko na ƙasar Equatorial Guinea muka hango can cikin teku.

Da rana muka hau mashin muka bi hanyar Idenau zuwa Bakingili, inda narkakken dutse ya gangaro a aman wutar da babban Dutsen Kamaru ya yi a 1999 ya datse titi, ya tsaya saura kaɗan ya faɗa teku. Mun hau kai, baƙi ne mai kaushi yana cin tafin ƙafa, silifas ba za su yi ba sam, a sa takalmi mai rufi. Abin da ya fi taɓa ni ganin ciyawa da ƙananan itatuwa sun fara fitowa ta cikin tsagoginsa.

Sai batun tsaro, yankin masu Turancin Ingilishi ne da ke fama da rikici shekaru da dama, Limbe da sauƙi amma akwai shingayen binciken jami'ai, ka riƙe takardunka a aljihu, kuma kar ka tsara tafiya ran Litinin don ranar zaman gida ce a garuruwa da yawa. Gasasshen kifin Down Beach kuwa ku yi ciniki tun kafin ya hau wuta, ka ce a haɗo maka da soyayyar agada da barkononsu.